Gudumar saki: abin da ke ɗaga ta da yadda yake sakinta

A warshoshin ƙira na sana'iyya, wato unguwannin masana'antu, a Jidda da Riyad, duk injin da ke dukan jan ƙarfe hama ake ce masa, amma ba jinsi ɗaya ba ne. Gudumar saki ita ce wadda ake ɗaga kanta sama a sake shi, ya faɗo da nauyin kansa a kan ƙarfen da ke bisa uwar maƙera. Kan yana zamewa ne tsakanin ginshiƙai biyu da ke hana shi karkata. A ƙarƙashinsa an ɗaure rabin ƙalib, ɗaya rabin yana zaune a kan uwar maƙera. Ƙalib ƙarfe ne mai tauri da aka sassaƙa siffar abin da ake so a cikinsa, sifana ce, ko ƙugiya, ko kan gatari.

Ƙaramin injin nan na ƙasar Sin mai silinda biyu a jikinsa, wanda ake rubuta wa C41, ba ya cikin wannan gida. Shi iska ce ke kai kansa sama ta dawo da shi ƙasa, mai kan kilo 75 yana yin bugu wajen 200 a minti, kuma aikinsa miƙar da ƙarfe da baje shi. Haka ma hamar da ake haɗawa da sifirin babbar mota ba ta cikin wannan gida.

A gudumar saki ta ainihi, moto ba ya dukan komai. Aikinsa ɗagawa kawai. Ƙarfin bugu yana fitowa daga abu biyu, nauyin kai da tsayin da ya faɗo. Kai mai kilo 1,000 da ya faɗo daga mita 1.5 yana sauke bugu mai ƙarfin kilojul 14.7, yana isowa da gudun mita 5.4 a sakan. Ko a sa masa moto mai kilowat 100, muddin ba a ƙara tsayi ko nauyi ba, bugun ba zai ƙaru ba. Abin da na'urar ɗagawa ke yankewa daban ne: bugu nawa za a samu a minti, ko maƙeri zai iya sassauta wannan bugun ya tsananta na gaba, da kuma abin da zai riƙa lalacewa. Shi ya sa gudumomi biyu masu nauyi ɗaya sukan sha bamban a kuɗi da wahalar riƙo.

Lissafin moton ma yana da tarko. Faɗowa daga mita 1.5 tana cin sakan 0.55. In ana son bugu 50 a minti, kowane zagaye sakan 1.2 ne, saura kusan 0.65 na ɗagawa. Ɗaga tan 1 a wannan ɗan lokaci yana neman wajen kilowat 23, ban da asarar gogayya, alhali matsakaicin buƙata a tsawon minti bai wuce kilowat 12 da ɗoriya ba. Filawil, wato wili mai nauyi da moto ke juyawa, shi ke cike giɓin: yana tara gudu lokacin da kai ke faɗowa, ya biya lokacin ɗagawa. Wanda ya rage filawil don ya yi masa nauyi, moto zai saya ba da jimawa ba.

Mafi shahara a tsofaffin na'urori ita ce mai katako, wadda masana'antun Amurka suka daɗe a kanta. Ana dasa dogon katako mai tauri, ɗaya ko fiye, a saman kan guduma, a matse shi da weji. Katakon yana ratsawa tsakanin rola biyu da ke can saman injin, suna juyawa ba tsayawa, kowace tana fuskantar 'yar'uwarta. Rolar gaba tana zaune a kan gindin da ba a tsakiya yake ba, don haka ɗan juya gindin yana matso da ita ga katako ko ya janye ta. Wata doguwar sanda mai nauyi da ke tsaye a gaban injin ce ke juya gindin. In kai ya sauka ya yi bugu, sai ya ture sandar daga mazauninta, ta faɗo, rola ta matse katako, kai ya tashi. In ya kai sama, wani ɗan ƙarfe a jikinsa ya ɗaga sandar, rola ta saki. A nan wasu muƙamuƙai ke cafke katakon su riƙe kai a sama, sai maƙeri ya taka feda su buɗe. In ya bar ƙafarsa a kan feda, guduma ta ci gaba da bugu ita kaɗai.

Dabarar tana da kyau, ba bawul ba silinda, amma tsayin faɗowa a ƙulle yake. Kafin a sauya shi sai an tsayar da aiki an gusar da maƙalar da ke jikin sandar, wadda ɗan ƙarfen kai ke ɗagawa. Bugun farko da na ƙarshe duk ƙarfinsu ɗaya, ko ƙarfe na laushi ko ya fara hucewa.

Katakon kuwa kayan ƙarewa ne. Ɗigon mai ko giris daga boris ɗin rola ya isa ya sa shi santsi, rola ta riƙa murzarsa ba ta ɗagawa, ya yi baƙi ya fara hayaƙi. Sabon hannu yakan ƙara matsi, katako ya mutsuke ya tsage. Maganin shi ne a toshe inda man ke fitowa, a kankare fuskar katakon. In katako biyu ne, dole kaurinsu ya zo daidai, in ba haka ba rola ta kama ɗaya ta bar ɗaya, kai ya tashi a karkace ya ci ginshiƙi. Yanayi ma yana da ta cewa. A bushewar Riyad katako yana tsukewa, weji ya saki, a wayi gari katako ya tashi ya bar kai a ƙasa. A laimar Jidda da Dammam kumbura yake yi ya kantare. Katakon da aka ajiye a tsaye jingine da bango ya riga ya lalace tun ba a ɗaura shi ba. A kwance ake ajiye shi, a inuwa, da nauyi a kai.

Akwai wani abu da ya shafi Saudiyya musamman. Wutar lantarkin ƙasar tana kaɗawa sau 60 a sakan, ta Turai da Sudan da Najeriya kuwa sau 50. Tsohuwar gudumar da aka sayo daga Jamus ko Italiya, motonta mai juyi 1,450 a minti zai koma wajen 1,740 a nan. Rola ta ƙara gudu da kashi 20 cikin 100. Matsalar ita ce kai ba ya tsayawa nan take in rola ta sake shi, yana ci gaba da hawa da saurin da ya ɗauko, kuma wannan ƙarin hawa yana ƙaruwa da kashi 44. In da yana tashi da mita 2.5 a sakan yana zarcewa santimita 32, yanzu zai tashi da mita 3 ya zarce 46, har ya kai wa saman injin karo. Gyaran mai sauƙi ne: a rage fulin moto zuwa kashi 5 cikin 6, mai santimita 30 ya koma 25. Kwamfuresa da famfon mai da aka ƙera don wutar Turai su ma sai an duba su, domin ƙarin gudu yana ja wa moto ƙarin lodi.

Mai bel 'yar'uwar mai katako ce, ta fi yawa a Turai, a garuruwan wuƙaƙe irin su Shafil ta Ingila da Zolingen ta Jamus. Bel yana ɗaure da kai, ya hau kan fuli mai juyawa ya sauko ta baya. Yana sake, fuli na zamewa a ƙarƙashinsa. Aka ja jelarsa ko aka danna shi da ƙaramar rola, sai ya kama ya ɗaga. A nan maƙeri na iya saki a duk tsayin da ya ga dama. Sai dai fuli na gogar bel kullum, zafi ya taru, bel ya ƙone ko ya yage a bakin maɗaurinsa. Mai sarƙa tana da kuloci da birki a madadin gogar bel, kuma a can ma fatar kuloci ce ke shan wahalar.

Daga nan sai mai ɗagawa da iska, wadda ta kori mai katako daga masana'antu da yawa. Sandar ƙarfe ta maye gurbin katako, samanta fistin ne a cikin silinda. Iska ta shiga ƙarƙashin fistin ta ɗaga kai, a buɗe bawul iska ta fice, kai ya faɗo da nauyinsa. Bugu dogo da gajere duk suna hannun maƙeri. Matsin iskar warsha bar 6 zuwa 7 ne. A bar 6, riƙe tan 1 kawai yana buƙatar fuskar fistin mai faɗin santimita murabba'i 164, ɗaga shi da sauri kuwa sai an ba da rata mai yawa a kan haka. Saboda haka in bututu ya yi siriri ko tanki ya yi nisa, matsi ya faɗi bar 4 a tsakiyar aiki, guduma takan tashi da ƙyar ko ta tsaya a rabi. Tanki a kusa da injin ya fi ƙarin kwamfuresa amfani.

In kuma tana tashi lafiya amma bugun ba ƙarfi, a dubi hanyar fitar iska. Bawul da ya toshe ko salansa da ta cika da datti suna barin iska a ƙarƙashin fistin, ta zama matashi, kai ya sauko a hankali. A bakin teku ruwa ne babban abokin gaba: iskar Jidda in an matse ta ruwa take zubarwa, ya wanke man silinda ya kawo tsatsa. A zubar da ruwan tanki kowace safiya, a sa matsamin ruwa kafin bawul, a sa ɗigon mai bayansa. Sandar fistin kuma tana karyewa ne kusan kullum a inda ta shiga kai, kuma dalilin ba ya wuce bugun gefe, wato ramin ƙalib mafi nauyin aiki bai zauna a tsakiyar kai ba, ko ginshiƙai sun ci sun bar rata.

Wasu na kiran mai turi gudumar saki ita ma, ko da yake ta wuce saki. Bambancin kamar na taɓaryar da aka ɗaga aka sake ne da wadda aka ɗaga aka bi ta da ƙarfin hannu. Iska ko tururi na ɗagawa, sannan ya koma saman fistin ya ture kai ƙasa. Asalinta gudumar tururi ce da Jems Nasmit ya yi wa rajista a Ingila a 1842, lokacin da Faransuwa Burdon ya riga ya gina irinta a Kuruzo ta Faransa. Mai tan 1 tana ba da wajen kilojul 25, da gudun mita 7 a sakan, ninki biyu ke nan na abin da nauyi kaɗai zai bayar daga mita 1.2. Amma cin makamashinta ya yi yawa ƙwarai, kaɗan ne daga abin da aka kashe ke isa ga ƙarfe.

Wannan ne ya sa sababbin gudumomi, irin na kamfanin Lasco na Jamus, suka koma haidirolik, har ana cire tsohuwar silindar tururi a ɗora kan haidirolik a kan tsohuwar uwar maƙera. Famfo yana tara mai a wata tukunya da iskar naitirojin ke matse shi, bawul na lantarki ya buɗe na ɗan lokacin da aka ƙayyade, kuma tsawon buɗewar shi ne ƙarfin bugu. Ana iya tsara bugu 5, kowanne da nasa ƙarfi, injin ya maimaita su a kan kowane ƙarfe. A ganinmu ita ce ta fi dacewa da mai aikin yau da gobe, in yana da mai gyaran da ya san ta. Zafin bazara ne ke gwada ta. Mai in ya haura digiri 60 yana tsinkewa, robobin silinda su bushe, yoyo ya fara, kuma feshin mai kusa da ƙarfe mai digiri 1,200 gobara ce. Na'urar sanyaya mai da aka auna don sanyin Turai ba ta isa a nan ba. Tukunyar kuma naitirojin kaɗai ake cika mata. Iskar oksijin ta walda in ta haɗu da mai a matse, fashewa take yi.

Ko wace na'ura ce a sama, uwar maƙera ce ke karɓar bugun, kuma nauyinta yakan kai ninki 15 zuwa 20 na kai. Gudumar tan 1 tana zaune ne a kan ƙarfe tan 15 zuwa 20, ƙarƙashinsa katako ko roba ko sifirin, sannan harsashin kankare. In ta yi sauƙi, ƙarfin bugu ƙasa yake tafiya ya girgiza bangon maƙwabta. Ƙalib kuma a ɗumama shi zuwa digiri 150 ko sama kafin bugun farko, kada a haɗa fuskokinsa ba ƙarfe a tsakani, domin mai sanyi tsagewa yake yi.

Mai duba tsohuwar guduma kafin saye ya nemi a kunna ta a gabansa. A ɗaga kai a riƙe a sama, a ja layi da alli a jikin ginshiƙi daidai gefensa, a jira minti 5. In ya sauko daga layin, muƙamuƙai sun ci ko bawul na yoyo. Wannan zamewar ce ke cin yatsu a wajen sauya ƙalib, shi ya sa ba a sa hannu a ƙarƙashin kai sai an kashe wuta, an zubar da matsin iska ko na mai, an kafa tokari mai kauri tsakanin kai da uwar maƙera.