Albarushi ba iri ɗaya ba ne: tambayoyi da amsoshi kan garin da ke tura harsashi

Tun bayan hawan Sallah, lokacin da 'yan bindigar gargajiya suka yi ta ɓarin wuta a ƙofar fada har hayaƙi ya turnuƙe sama, ake ta aiko mini da tambayoyi a kan albarushi. Wasu daga mafarautan yankin Zuru da Yawuri suka fito, wasu kuma daga ɗalibai a Gusau waɗanda suka ga bidiyon Amurkawa suna cika kwanson harsashin ƙaramar bindiga da hannunsu. Na zaɓi waɗanda suka fi yawan maimaituwa. Ba za a sami awo ko haɗi a nan ba, domin abin da nake so a fahimta shi ne yadda garin yake aiki da kuma inda haɗarinsa yake.

Malam, shin albarushin da maharba ke ɗurawa a bindigar toka shi ne a cikin harsashin zamani?

Ba shi ba ne, suna kawai suka haɗa. Kalmar albarushi daga Larabci muka aro ta, kamar yadda muka aro bindiga da harsashi, kuma da farko baƙin gari take nufi, wanda aka gano a ƙasar Sin a ƙarni na 9, zamanin daular Tang. Wannan gari haɗi ne na gawayi da farar wuta da wani gishiri mai suna fotasiyam naitaret. Idan ya kama wuta, fiye da rabinsa ba ya zama iska, sai ya koma toka da hayaƙi, shi ya sa maharbi ke ɓacewa cikin farin hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da zarar ya ja kunama.

Na cikin harsashin zamani kuwa shi ake kira albarushi marar hayaƙi. Wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ne ya fara samar da irin da ya yi amfani a 1884, sojojin Faransa suka soma aiki da shi a bindigarsu ta Lebel a 1886. A 1887 Alfred Nobel, mutumin da ake ba da lambar yabo da sunansa, ya fito da nasa, sannan a 1889 Frederick Abel da James Dewar suka yi wa Ingila nata. Tushensa naitiroselulos ne, wato zaren auduga ko na itace da aka sarrafa a masana'anta, wani kuma ana ƙara masa naitirogilisarin. Kusan dukansa iska yake zama idan ya ƙone, don haka ɗan kaɗan daga cikinsa yake yin aikin da baƙin gari mai yawa ba zai yi ba.

Na ji ana cewa wani albarushi mai sauri ne, wani mai jinkiri. Ina ce duk fashewa suke yi?

A cikin bindiga ba fashewa ake so ba, ci ake so. Mai dafa abinci ta san bambancin karan dawa da guntun ƙirya: kara yakan tashi fuu ya mutu nan take, ƙirya kuwa takan daɗe tana ci. Haka garin yake, sai dai duk wannan bambanci yana faruwa ne a cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Kowace ƙwayar gari daga bayanta take ci zuwa ciki, saboda haka siffarta da girmanta da abin da aka shafa mata su ke tsara saurinta. Akwai mai faɗi kamar ɓawon kifi, akwai mai kama da ƙwayar gero, akwai mai kama da guntun tsinken tsintsiya.

Ƙaramar bindiga ta hannu, fistol ko libarba, bututunta gajere ne, sau da yawa inci huɗu ko biyar, don haka dole garin ya gama ci kafin harsashi ya bar baki. Shi ya sa take buƙatar mai sauri. Doguwar bindiga mai babban kwanso tana buƙatar mai jinkiri, wanda zai yi ta tura harsashi har ƙarshen bututu. Idan aka yi musaya, aka cika kwanson doguwar bindiga da garin fistol, bindigar ce za ta tarwatse a fuskar mai ita.

To su masu cika harsashi a Amurka, ta yaya suke zaɓar wanda za su yi amfani da shi?

A gaskiya ba su ne ke zaɓa da ra'ayinsu ba, littafi ne ke zaɓar musu. Kamfanonin da ke yin garin ko sayar da shi, irin su Hodgdon da Alliant a Amurka da Vihtavuori a Finlan, suna gwada kowane gari da kowane irin harsashi a ɗakin gwaji mai na'urar auna matsi, sannan su buga iyaka ta ƙasa da ta sama. Mai cikawa yakan fara duba lambar kwansonsa da nauyin harsashin da zai ɗora, sannan ya duba garin da aka gwada da wannan haɗi daidai. Wasu sunayen, irin su Bullseye da Unique, sun haura shekara ɗari a kasuwa.

Abin da ake tsaro shi ne matsin iska a cikin bututu. Ƙungiyar SAAMI, wadda masu ƙera makamai na Amurka suka kafa a 1926, ta sa iyakar harsashi mai lamba 9mm a kan fam 35,000 a kowane inci murabba'i, na .45 ACP a kan 21,000, na .38 Special a kan 17,000. Domin mai karatu ya gane girman wannan, iskar da mai faci ke bugawa a tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce fam 35 ba. Ke nan harsashin 9mm yana ninka ta wajen sau dubu, a cikin wuri da bai kai ɗan yatsa ba.

Awon ma ba na cokali ba ne. Da sikeli ake yi, da wani ma'auni mai suna giren, wanda guda 7,000 ke yin fam ɗaya, wato giram ɗaya ya ɗan haura giren 15. Garin da ke cikin harsashin fistol na yau da kullum bai kai giram ɗaya ba, kuma tazarar da ke tsakanin lafiya da haɗari takan kasance ƙasa da giren ɗaya.

Akwai wani abu da ya ba ni sha'awa a nan. Kwanson .38 Special an tsara shi ne a ƙarshen ƙarni na 19 domin baƙin gari, shi ya sa yake da zurfi. Idan aka zuba masa gari mai sauri na zamani, ɗan abin yakan kwanta a gindi, har mutum ya sake zuba na biyu bai lura ba. Saboda wannan, masu hankali daga cikinsu sukan fi son gari mai cika wuri, wanda idan an ninka shi zai zube a gani. Kuskure na biyu shi ne a manta ba a zuba komai ba: ɗan maɓallin da ke gindin kwanso, wanda ke kunna gari, shi kaɗai zai tura harsashi ya maƙale a tsakiyar bututu, na bayansa ya zo ya same shi.

Ba za a iya gane irin gari da ido ko da shinshinawa ba?

Ba za a iya ba. Gari biyu sukan yi kama kamar tagwaye alhali saurinsu ya sha bamban, kuma ko a Amurka, duk garin da ya rabu da gwangwaninsa mai suna, zubar da shi ake yi.

Ranka ya daɗe, ni maharbi ne. Idan baƙin gari ya yi wuya na sami harsashin zamani, me zai hana in fasa in ɗura garinsa a harba-ka-rugata?

Baba, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurinmu, kuma amsarta ita ce kada ka kuskura, ko da ɗan tsunkule ne, ko da gauraya shi za ka yi da baƙi.

Na sha zama ina kallon yadda ake ɗurin bindigar toka. Maharbi zai tsayar da ita a ƙasa, ya karkato ɗan ƙahon da yake ajiye gari, ya zazzaga a tafin hannu, ya duba da ido, ya zuba ta baki, ya tura tsumma, ya daddanna da ƙarfen ɗuri, sannan ya bi da ƙwayoyin dalma da wani tsumman. Wannan awo na tafin hannu yana wucewa lafiya ne kawai saboda baƙin gari yana da haƙuri: idan ya ɗan yi yawa, akasari ƙara da hayaƙi da dukan kafaɗa ne ke ƙaruwa. Marar hayaƙi ba shi da wannan haƙuri. Idan aka tsare shi, matsi yana ƙara masa saurin ci, saurin ci kuma yana ƙara matsi, kafin ka ankara abin ya wuce ƙarfin ƙarfen. Cikin tafin hannu ɗaya na wannan gari ya ninka abin da ke cikin harsashin fistol sau da yawa.

Ga kuma ita kanta bindigar. Maƙerinmu da bututun da ya samu yake aiki, ya toshe gindi, ya ɗaura a kan icce, kuma babu inda aka gwada ƙarfinta. A Turai, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CIP ba sa barin a sayar da bindiga sai an harba ta da matsin da ya wuce ƙa'ida an buga mata hatimi. Ko bindigogin ɗuri da manyan masana'antu ke yi, a jikin bututun ake rubuta cewa baƙin gari kaɗai za a zuba.

Na taɓa haɗuwa da wani dattijo a wata kasuwar ƙauye yana sayar da igiya, hannunsa na hagu saura babban yatsa da ɗan ƙarami. Da na yi masa jaje, sai ya ce mini, "Ɗana, ba ƙaya ba ce, ba maciji ba ne. Wani ne ya ba ni gari ya ce ya fi namu ƙarfi." Bututun ya tsage ne daidai inda hannun hagu ke tallabe shi.

Doka ta yarda mutum ya cika harsashi a gidansa a Nijeriya?

Ba ta yarda ba. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, kuma fistol da libarba suna cikinsu tare da bindigogin soja, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu ya ƙunshi irin bindigar harbin tsuntsaye, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne na ɗuri, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Ƙera harsashi ko harhaɗa shi aikin ma'aikatun gwamnati ne, irin DICON da aka kafa a Kaduna a 1964, kuma hukuncin wanda ya yi ba da izini ba yana farawa ne daga ɗaurin shekara goma.

Na san halin da mutanenmu ke ciki da 'yan fashin daji, kuma ban raina dalilin da ke sa a yi wannan tambaya ba. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta shaida wa mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga don kare kai, amma rundunar 'yan sanda ta ce dakatarwar da aka yi wa ba da lasisi tana nan, kuma dokar ta tarayya ce, gwamna ba ya sauya ta.

Mai bindigar toka da ke da izini, yaya zai adana garinsa?

Baƙin gari tartsatsi ɗaya ya ishe shi, don haka ya yi nesa da murhu da fitila da mai shan taba, a wuri busasshe da yaro ba ya kaiwa, kuma kada a tara da yawa a ɗakin kwana. Kada a zuba shi a bututu kai tsaye daga ƙaho, domin ragowar garwashin harbin farko yana iya bin garin ya tashi da ƙahon a hannu. Tokar da yake bari tana jan laima ta ci ƙarfe, saboda haka a wanke bututu a ranar da aka yi harbi, a busar, a shafa mai, musamman da damina.

Sai batun dalma, wanda ba sai an yi wa Bazamfare dogon bayani ba. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalmar da maharbi ke narkawa ya yi ƙwayoyin harbi ita ce dai wannan. Kada a narka ta a tsakar gida ko a kaskon da zai koma madafa, a wanke hannu da sabulu kafin a sa shi a tuwo, kuma a yanke naman da ke kewaye da inda ƙwayar ta shiga kafin a jefa zomo ko zabo a tukunya.