Mene ne "turotilin" da masu gyaran laftof ke yawan faɗa?

Kalma ce da ta fi fitowa daga bakin masu gyaran kwamfuta da samarin da ke buga gem. Ka kai laftof ɗinka ta hannu wurin mai gyara a Banex Plaza da ke Wuse II a Abuja, ka ce masa idan ka kunna ta lafiya lau take, amma minti goma sha biyar da fara FIFA sai hoto ya riƙa cijewa, fanka na ihu, kibod ya ɗau zafi. Kafin ka rufe baki zai ce, "Oga, turotilin take yi." Da yawa sukan gyaɗa kai su biya kuɗin aiki ba tare da sun san abin da aka ce kwamfutarsu na yi ba.

Turotilin shi ne firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai sarrafa ayyukanta, ya rage gudunsa da kansa, da gangan, don kada ya wuce wata iyaka da aka gindaya masa. Asalin kalmar ɗaya da totur ɗin mota, kuma ma'anar ba ta yi nisa ba: direba ne ya ga allurar zafi ta haura, sai ya sassauta ƙafa. A cikin firosesa akwai 'yan na'urorin auna zafi da aka gina tare da shi. Galibin firosesocin Intel na laftof iyakarsu digiri 100 ne a ma'aunin Salshiyos. Da zarar an taɓa wannan lamba, firosesan yakan sauke saurinsa da ƙarfin wutar da yake ja, zafi ya ɗan sauka, ya sake yunƙurawa, ya sake bugun iyakar. Wannan hawa da saukar ne kake gani a allo kamar gem ɗin na yin tuntuɓe. Dabarar ba sabuwa ba ce, Intel ya sa ta tun a Pentium 4 da ya fito a 2000. Idan rage gudun bai wadatar ba, akwai mataki na ƙarshe: kwamfutar ta ɗauke ɗif, ba sallama.

Don haka turotilin ba shi ne ciwon ba. Kariya ce, kuma ita ta hana kwamfutar ƙonewa tun a hannun mai ita na farko. Abin tambaya shi ne me ya sa firosesan ke isa iyakar da wuri haka.

Mu ɗauki Core i7-8750H na 2018, wanda ke cikin ɗimbin laftof ɗin gem na hannu da ke yawo a kasuwa, irin su Acer Nitro 5 da Dell G5 da HP Omen na wancan lokacin. Cibiyoyin aiki shida gare shi. Gudunsa na asali 2.2 GHz ne, yana kuma iya zabura har 4.1 GHz idan akwai sarari. An tsara shi a kan wat 45, kuma kusan duk wutar da ya ja zafi take komawa, a kan ɗan ƙarfen da bai fi farcen babban yatsa ba. Ga katin hoto, wato sashen da ke zana hotunan gem a allo, a gefensa, shi ma da nasa zafin, kuma a yawancin irin waɗannan kwamfutocin bututun kwashe zafi ɗaya suke rabawa. Shi ya sa ganin digiri 85 ko 90 ana tsakiyar gem ba abin tayar da hankali ba ne, haka aka ƙera su. Abin damuwa shi ne ya manne a 98 zuwa 100 gudu na faɗuwa, ko kuma ka gan shi a 75 alhali ba ka buɗe komai ba.

Inda ake yawan asarar kuɗi shi ne abu uku ne mabambanta ake kira da wannan suna ɗaya, kuma maganin wani ba ya yi wa wani.

Na farko shi ne na zafi, wanda muka faɗa. Na biyu na iyakar wuta ne. Kamfanin da ya ƙera laftof yakan bar firosesa ya ja wuta da yawa na ɗan gajeren lokaci, kamar rabin minti, daga nan ya dawo da shi wat 45 ko abin da aka ƙayyade. Za ka ga gudu ya sauka alhali zafi bai wuce 80 ba. Wannan ba lalacewa ba ce, tsari ne, kuma ko sau goma aka buɗe kwamfutar aka wanke ba zai canza ba. Haka ma idan wuta ta ɗauke ka ci gaba da gem a kan batir, dole gudu ya ragu, don batirin ba zai iya ciyar da firosesa da katin hoto yadda caja ke yi ba.

Na uku ya fi rikita mutane. Firosesa na nan da sanyinsa, digiri 50 ko ƙasa, amma ya tsaya cak a 0.79 GHz, ko Chrome ma da ƙyar yake buɗewa. A nan wani sashe ne na kwamfutar ya aika masa saƙon ya rage gudu, sau da yawa kuma caja ce sanadi. Laftof ɗin gem na buƙatar caja mai wat 130 zuwa 230, gwargwadon ƙirarta. Kayan hannu kuwa ba kullum suke zuwa da cajarsu ta asali ba, sai a haɗa maka da wadda bakinta ya shiga, mai wat 65 ko 90. Kwamfutocin Dell ma suna da wata siririyar allura a tsakiyar bakin cajar da suke gane ta da ita. Idan allurar ta karye ko cajar jabu ce, sai kwamfutar ta ƙi cajin batir ta kuma rage gudu. Kafin a kwance noti ko ɗaya, a juya cajar a karanta wat nawa aka rubuta a bayanta.

Rarrabe ukun ba ya buƙatar ko sisi. Akwai manhaja kyauta mai suna HWiNFO. Ka buɗe sashen ma'aunanta, ka bar ta a baya, ka buga gem na minti ashirin da caja a jone, sannan ka dawo. Kada ka kalli lambar yanzu, don da ka fita daga gem zafi yake faɗuwa cikin daƙiƙu. Layin mafi girman abin da aka kai shi ne mai labari. A ƙasan ma'aunin zafi akwai layukan da ke amsa e ko a'a: wanda ke ɗauke da kalmar Thermal na zafi ne, wanda aka rubuta Power Limit na iyakar wuta ne. Wanda ya koma e, shi ne ya ja birkin.

To idan ya tabbata na zafi ne, sai a bi hanyar da zafin ke bi ya fita, a ga inda ta toshe. Daga saman firosesa, zafi na ratsa wani ɗan mai mai kauri da masu gyara ke kira fes, ya shiga farantin tagulla. Daga nan bututun tagulla ke ɗaukarsa. Bututun ba curarren ƙarfe ba ne, akwai ɗan ruwa a rufe a ciki da ke zama tururi a gefen zafi, ya tafi gefen sanyi ya koma ruwa, ya dawo. Ƙarshen bututun na manne da jerin siraran ƙarafa masu kama da haƙoran mataji, fanka kuma na hura iska ta tsakaninsu zuwa waje.

Tafin hannunka ma na iya yin rabin binciken. Sa shi a bakin ramin da iska ke fita lokacin da fanka ke ihu. Idan ƙara ta yi yawa amma iskar kaɗan ce, hanya ta toshe. Wanda ya taɓa ganin an ɗaga fankar laftof mai shekara biyar ya san abin: tsakanin fankar da siraran ƙarafan nan akwai wani dunƙulen ƙura da zare da gashi, ruwan toka, da ya daskare har ana ɓare shi ɗungurungum da tsinke. Daga waje ba a ganinsa, kuma hura iska ta ramin ba ta fitar da shi, sai dai ta ƙara cusa shi ciki. Kwamfutar ta zo da nata daga Turai ko Amurka, hunturu ɗaya a Abuja ya ƙara mata da jar ƙura. Idan kuwa iska na fita da ƙarfi amma da sanyinta, alhali manhaja na nuna 99, to zafin ba ya isowa bakin ramin ke nan. Ko dai fes ya bushe ya tsattsage, ko farantin bai zauna daidai ba, ko kuma, wanda ba kasafai ba, bututun ya huje ruwansa ya tsere. Wata alamar: idan wata cibiyar na nuna 97 wata na 78 a lokaci guda, da wuya in ba zaman farantin ko fes ɗin ba ne.

Yanayin gari ma na da nasa kason, kuma ana raina shi. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa. Kusan duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru, firosesa ma zai ƙaru da kamar haka. Laftof ɗin da ke tsayawa a 85 a ɗakin Bature mai digiri 21, ka kawo ta Kubwa ko Nyanya a watan Maris da rana, zafin gari ya haura 35, ba wuta balle a kunna AC, lissafin kansa ya kai ta bakin 100 ba tare da komai ya lalace ba. Ɗan'uwanka da ke Jos, bisa tudun da ya kai kusan mita 1,200, zai iya rantse maka irin kwamfutar nan ba ta taɓa ba shi matsala ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Wurin gyara, ni dai shawarata ka tsaya a yi a gabanka, ba don zargi ba, don ka ga abin da ke ciki. Mai gyaran da ya san aikinsa zai fara cire jonin batir kafin ya taɓa komai. Zai riƙe fankar da yatsa in zai hura mata iska, don juyawa fiye da kima na kashe ta. Zai goge tsohon fes da sifirit har ƙarfen ya yi ƙyalli, ya sa sabo daidai wa daida, ya ɗaure notunan farantin bi da bi kamar yadda aka sa musu lamba, 1, 2, 3, 4, don ya zauna a daidaice. Ka tambaye shi, "Malam, wane fes za ka sa?" Idan ya ɗauko Arctic MX-4 ko Noctua ko makamancinsu, madalla. Farin nan na cikin babban gwangwani mara suna yakan yi makonni ne ya saki. Man goge baki kuwa, da wasu ke ba da shawararsa a intanet, kwana kaɗan yake yi ya bushe. Akwai kuma wasu 'yan taushin faci da ke kan ƙananan sassan da ke kewaye da firosesa da katin hoto. Kaurinsu ya bambanta, rabin milimita, ɗaya, ɗaya da rabi. In aka musanya da mai kauri, farantin zai ɗage daga kan firosesa, a fito daga shago da zafin da ya fi na da.

Masu Asus ROG daga 2020 zuwa sama su yi hattara ta musamman. Da yawansu ba fes ke ciki ba, narkakken ƙarfe ne. Yana ɗaukar zafi fiye da kowane fes, amma yana ɗaukar wutar lantarki ma, ɗigo ɗaya a kan bod, wato babban allon da sassan kwamfutar ke manne a kai, ya isa ya gama da kwamfutar. Ba kowane mai gyara ya kamata ya buɗe ta ba.

Akwai abubuwan da ba sa buƙatar sukurudireba. A daina ɗora ta a kan katifa ko kafet ko filo, don ta ƙasa take shaƙar iska. Ɗaga bayanta da ɗan wani abu kaɗai na sauke digiri da dama. A cikin saitin wuta na Windows, in ka mayar da iyakar aikin firosesa daga kashi 100 zuwa 99, a kwamfutoci da yawa hakan na kashe zaburar nan ta sama, i7-8750H ya tsaya a kusan 2.2 GHz. A takarda asara ce, amma a gem da yawa katin hoto ne ke ɗaukar nauyin aikin, kuma gudu madaidaici da ba ya yankewa ya fi daɗin wasa a kan mai hawa da faɗuwa. Ƙayyade gem a kan hoto 60 a daƙiƙa ma haka. Da can ana rage wa firosesan Intel ƙarfin wuta kaɗan ta manhaja, zafi ya sauka ba tare da gudu ya ragu ba, amma bayan an gano wata kafar tsaro da aka kira Plundervolt a ƙarshen 2019, kamfanoni da dama sun kulle wannan ƙofar ta sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin bod mai tada kwamfuta. In ka gwada ka ga ba ta motsi, dalilin ke nan.

Za ka ji wani ya ce akwai manhajar da ke "cire turotilin" gaba ɗaya, ThrottleStop yake nufi. Manhaja ce mai amfani a hannun wanda ya san ta, kuma tana iya sa firosesa ya yi biris da saƙon nan na waje da ke tsayar da shi a 0.79 GHz. Sai dai in saƙon gaskiya ne, caja ce ba ta isa ba ko wani sashe na bod ne ke ƙuna, ka toshe bakin mai gargaɗi ne kawai, kuma kuɗin bod ya ninka na caja sau da yawa.

Wanda bai riga ya saya ba ya fi kowa sa'a. Ka je da HWiNFO a filas, ka ce wa mai shago, "Alhaji, a ba ni minti ashirin in gwada ta da gem, da cajar da za a ba ni." Kunnawa a ga tambarin Windows ya fito ba gwaji ba ne, domin a mintunan farko farantin tagullan bai gama ɗaukar zafi ba, ko kwamfutar da ta toshe ma lafiya take gudu. In shagon akwai AC, ka ƙara kamar digiri 10 a kan abin da ka gani, shi ne kusan abin da za ta nuna a ɗakinka da bazara.