Sauya Metal na Konrod a Injin Mota: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne aikin metal na konrod?

Konrod ita ce sandar da ke haɗa fistin da karanshaf (babban ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji), metal kuma ɓari biyu ne masu siffar rabin zobe da ke zaune a babban kan sandar. Bayansa ƙarfe ne mai tauri, fuskarsa kuwa haɗin aluminiyam da kuza ce ko jan ƙarfe da dalma, an yi ta da taushi da gangan domin ita ta cinye, karanshaf mai tsada ta tsira. A lafiyayyen inji metal da karanshaf ba sa taɓa juna, baƙin mai ne ke tsakaninsu.

Ta yaya ake gane ya cinye?

Ana jin ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, wadda ke ƙaruwa idan aka taka totur, musamman bayan inji ya yi zafi mai ya tsinke. Fitilar mai takan riƙa ƙiftawa idan mota na tsaye, kuma idan aka juye mai aka haska shi, sai a ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli. Wanda ya ci gaba da tuƙi a haka yana iya sa sandar ta karye ta fasa jikin inji.

Ya isa a cire tsoho a saka sabo?

Bai isa ba, kuma a nan ne gyara da yawa ke lalacewa. Dole a auna wuyan karanshaf da maikiromita (na'urar auna kaurin ƙarfe), a duba ko ya yi kwarzane ko ya daina zama da'ira. Idan ya ci, sai a kai a yanke shi, sannan a sayi metal mai kaurin da ya dace da abin da aka rage, yawanci milimita 0.25, 0.50 ko 0.75. Tazarar da mai ke bi a yawancin ƙananan motoci ba ta wuce milimita 0.02 zuwa 0.07 ba, abin da ido ba ya iya kimantawa, shi ya sa ake matse wani siririn zaren roba mai suna Plastigage a tsakanin metal da karanshaf a auna faɗinsa. Haka kuma wajibi ne a gano abin da ya cinye na farko, ko ƙarancin mai ne, ko famfon mai da ya raunana, ko datti a hanyoyin mai, domin in ba a kawar da shi ba, sabon ma zai bi sahun tsohon.

Me ake kiyayewa wajen haɗawa?

Kowace konrod da murfinta, ba a musanya su kuma ba a juya fuskarsu. Bayan metal a bushe yake zama, fuskarsa kaɗai ake shafa wa mai. Ana ɗaure ƙusoshi da sifana mai auna ƙarfi daidai da adadin da littafin injin ya ƙayyade, waɗanda aka ƙera su miƙe wajen ɗauri kuwa ba a mayar da su, sababbi ake sawa. Kafin a rufe, a juya karanshaf da hannu a tabbatar ba ta cije ba.