Bayan ka biya kuɗin gida, nawa zai riƙa ci? Tambayoyi da amsoshi ga mai sayen gidan farko a Katsina

Dillali zai faɗa maka farashi da girman fili da yawan ɗakuna. Abin da gidan zai riƙa ci kowace shekara bayan ka tare ba ya cikin lissafinsa, don ba shi zai biya ba.

Gidan ƙasa na cikin gari ya fi araha. Me zai hana in fara da shi?

Babu abin da zai hana, muddin ka san cewa duk shekara sai an taɓa shi. Kafin ruwan farko, wajen Afrilu zuwa Mayu, za ka kira magini ya yi yaɓe, ya toshe tsagar da ke saman soro, a gyara indararo don kada ruwa ya kwanta. Kuɗin ƙasa da ladan magini ba su kai na siminti ba, amma ba a ɗaga musu ƙafa. Wanda ya ce bari sai baɗi, ruwan Agusta ne zai ba shi amsa. Ga kuma gara: in ta kama azara, sauya ta yana nufin buɗe rufin ɗakin.

Mutane da yawa suna shafe bangon ƙasa da siminti don su huta da yaɓe. Hutun ba ya daɗewa, domin siminti ba ya kama ƙasa sosai. Ruwa ya samu kafa ya shiga ta baya, wata rana ka ga shafen ya ɓanɓaro. Sai dai a ba gidan ƙasa haƙƙinsa: a zafin bazara ɗakin soro ya fi na kwano sanyi nesa ba kusa ba.

To gidan bulo mai rufin kwano fa? An ce shi ba ya cin kuɗi.

Yana ci, a dunƙule. Za ka iya yin shekaru ba ka kashe abin kirki ba, sannan iskar farkon damina ta yaye kwano, ruwa ya jiƙa silin, ka wayi gari kana neman kafinta da katako da ƙusa lokaci guda. Fenti yana koɗewa da rana da ƙurar hunturu. Sokawe yana cika, sai an kira masu kwashewa. Wanda ya fi ɓata rai shi ne danshi: in an yi rowar siminti a bulo ko a fandisho, za ka ga ƙasan bango yana kumbura yana zubar da gari, kuma fenti ba ya maganinsa. A ganina, ƙaramin gidan bulo da aka gina da gaskiya shi ya fi dacewa da mai albashi, in zai riƙa ware wani abu duk wata don ranar gyara.

Bene ko gida a rukunin gidaje irin su Barhim da Goruba fa?

A bene komai sai ya ƙaru: ruwa sai inji ya tura shi sama, mai fenti sai ya kafa katakon hawa, bututun bayin sama in ya yi yoyo ɗakin ƙasa ne zai sha. A rukunin gidaje kuwa, tambayi maƙwabta ko ana karo-karon mai gadi da kwashe shara da gyaran taransifoma, da nawa ake bayarwa.

Ruwa da wuta ai ba gyaran gida ba ne?

Aljihu ɗaya suke fita, kuma a Katsina ruwa kan fi gyara cin kuɗi. Ruwan famfo daga madatsar Ajiwa ba ya isa kowace unguwa, musamman sababbin unguwannin bayan gari. Ko dai ka dogara da 'yan garuwa kullum, ko ka haƙa rijiyar burtsatse, ita ma injinta yana ƙonewa, kuma sai da wuta ko janareta take aiki. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, janareta ya zama na lalura kawai. Sola tana rage wannan, amma batir yana mutuwa, zafi kuma yana rage masa kwana.

A ɓangaren KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki, duba ko gidan yana da mitar kati, ka kuma tabbatar babu tsohon bashin wuta a kansa. Tambayi rukunin da layin wutar gidan yake: daga Afrilun 2024 masu Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa, suna biyan sama da naira 200 a kan kowane yunit.

Akwai abin da gwamnati ke karɓa?

Akwai. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, don haka mai takardar mallaka yana biyan harajin fili na shekara-shekara, kuma sauya suna yana buƙatar amincewar gwamna, da kuɗinsa. Nemi rasiɗan mai sayarwa kafin ka biya.

Yaushe ya fi kyau in je duba gida?

Cikin Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Ɗaga kai ka nemi tabo a silin, shafa ƙasan bango, ka ga ko tsakar gida ta fi titi tudu, ka bi kwata ka ga inda take zubarwa. Tafi da magininka, ba wanda dillali ya kawo ba.