Waiwaye: Faifan Gamin-gambiza Tsakanin Kotu da Masu Sharhi

Ranar Talata 24 ga Fabrairun 2004, shafukan intanet kusan 170 suka haɗa baki suka ɗora wani faifan waƙoƙi domin kowa ya sauke kyauta, alhali kamfanin EMI, mai haƙƙin naɗin waƙoƙin Beatles, ya riga ya aika wa mai faifan takardar gargaɗi cewa ya daina rarraba shi. Ƙungiyar Downhill Battle da ta shirya wannan bore ta ce an sauke faifan fiye da sau 100,000 a yinin nan kaɗai. Sunansa The Grey Album, aikin wani matashi da ake kira Danger Mouse, kuma babu ko bugun ganga guda da ya kaɗa da hannunsa a ciki. Muryar Jay-Z ya ɗauko daga faifan mawaƙin na 2003, ya yayyanka kiɗan Beatles na 1968 ya shimfiɗa mata. Da shekara ta zo ƙarshe, mujallar Entertainment Weekly ta ce duk cikin fayafayan 2004 babu kamarsa. Abin da lauyoyi suka kira sata, shi masu sharhi suka sa a gaba.

Irin wannan aiki shi Turawa ke kira mashup, wato gamin-gambiza. Mai haɗawa yakan tsakuro murya daga wannan faifai, ganga daga wancan, jita ko fiyano daga na uku, ya daidaita saurin bugunsu da amonsu har su zauna tare kamar dama tare aka yi su. Wanda ya san yadda mawaƙan finafinan Kano da masu bandiri suka riƙa aron karin waƙoƙin Indiya zai ce ai ba sabon abu ba ne, amma akwai bambanci. Can kari ake ara a sake rerawa da sabuwar murya. Nan kuwa ainihin sautin da aka naɗa ake ɗaukowa. A dokar Amurka da Birtaniya haƙƙi biyu ke kan kowane faifai: na wanda ya tsara waƙar, da na wanda ya mallaki naɗin, wanda galibi kamfani ne. Mai tsakure yana taka duka biyun lokaci guda, kuma daga nan rigimar ta samo asali.

Tushen abin yana wurin masu juya faifai na unguwar Bronx a birnin New York cikin shekarun 1970, waɗanda suka gano cewa 'yan rawa sun fi zumuɗi a daidai gurbin da mawaƙi ya yi shiru ya bar mai ganga shi kaɗai, sai suka riƙa maimaita gurbin da faifai biyu. A 1983 kamfanin Tommy Boy ya sa gasar sake haɗa wata waƙa, wasu mutum biyu, Double Dee da Steinski, suka lashe da wani haɗi mai cike da tsakure daga tsofaffin waƙoƙi da finafinai. Gidajen rediyo sun yi ta sa shi, amma bai shiga kasuwa a lokacin ba, domin babu mai iya neman izinin duk abin da ke ciki. Tun ran farko ke nan aikin yana da masoya, ba shi da takarda.

Shekarar 1989 ita ce ganiyar sakewa. Beastie Boys suka fitar da Paul's Boutique mai tsakure sama da 100, De La Soul suka fitar da 3 Feet High and Rising. Na farkon bai yi kasuwar da kamfaninsa ya sa rai ba, sai daga baya aka dawo ana lissafa shi cikin manyan fayafayan zamaninsa. A Kanada kuma John Oswald ya rarraba faifansa na yanke-yanke kyauta, ƙungiyar kamfanonin faifai ta ƙasar ta tilasta aka lalata kwafin da suka rage a hannunsa. Ko sisi bai karɓa ba, amma hakan bai cece shi ba.

Ƙofar ta rufe a Disambar 1991. Gilbert O'Sullivan ya kai ƙarar Biz Markie kan tsakuren da ya yi daga wata waƙarsa, alƙali Kevin Duffy na wata kotu a New York ya buɗe hukuncinsa da umarnin nan na Attaura da ke hana sata, ya sa aka janye faifan daga kasuwa, har ya miƙa batun ga masu gabatar da ƙara su duba ko akwai laifin da za a tuhuma. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar Bridgeport, ta ƙara ɗaure igiyar kan tsakuren jita na daƙiƙa biyu kacal: ko ka nemi lasisi, ko ka bar tsakure. Sai a 2016 wata kotun ta saɓa mata a shari'ar da ta shafi Madonna, inda ta ce ɗan amon ƙaho da bai kai rabin daƙiƙa ba bai isa a kira shi keta haƙƙi ba.

Bayan 1991 mai son wannan sana'a hanya biyu ta rage masa: ya ɓoye abin da ya ɗauko, ko ya fito da shi fili ya jira takardar lauya. A ganina yadda masu sharhi suka karɓi waɗannan hanyoyi biyu shi ne ainihin labarin.

Masu ɓoyewa su suka kwashi yabo. DJ Shadow ya shafe lokaci mai tsawo yana tonon tsofaffin fayafayai a ɗakin ƙasa na wani shago a Sacramento, ya fito da Endtroducing a 1996, wanda kundin Guinness ya rubuta a matsayin faifai na farko da aka gina kacokan da tsakure. A Melbourne ta Ostireliya, ƙungiyar Avalanches ta fitar da Since I Left You a 2000, faifan rawa mai daɗin ji da ke gudana daga farko zuwa ƙarshe ba yankewa. An yi ta yaɗa cewa tsakure kimanin 3,500 ke cikinsa, akasarinsu daga fayafayan da aka tsinto a shagunan gwanjo. Shafin sharhin waƙa na Pitchfork ya ba shi maki 9.5 cikin 10, faifan kuma ya ci lambobin yabo na ARIA a ƙasarsu. Masu sharhi suka kira shi fasaha ba tare da wata-wata ba. Faifan ya cancanci haka. Sai dai akwai abin da ya sauƙaƙa musu yabon: da yake ba su gane mafi yawan tushen ba, kunnensu bai tsaya yana lissafin na wane ne wannan, na wane ne wancan ba. Sun saurari kiɗan a matsayin kiɗa.

Masu fitowa fili labarinsu daban ne. Daga 2001 manhajojin haɗa sauti suka yi arha, musayar waƙa ta intanet ta yawaita, sai ga matasa a Landan suna ɗora muryar tauraruwar fof a kan jitar 'yan rok daga ɗakin kwanansu. 'Yan'uwa biyu daga birnin Ghent na Beljiyam, David da Stephen Dewaele, masu kiran kansu 2 Many DJs, suka ce su ta ƙofa za su shiga. Sun nemi izinin waƙoƙi 187, aka ba su 114, aka hana su 62, sauran 11 kuma aka rasa ma wa za a tambaya. Da abin da ya samu suka haɗa faifansu na 2002, inda za ka ji Salt-N-Pepa a kan jitar Stooges, ka ji Dolly Parton a kan kiɗan Röyksopp. Ya sami karɓuwa ƙwarai, ya sauya yadda ake juya faifai a gidajen rawa na Turai, domin kafin nan mai kiɗan gidan rawa da mai rok ba sa ga-maciji. Amma duk wanda ya dubi waɗancan alƙaluma zai gane cewa sai mai kamfani a bayansa ke iya bin wannan hanya. Haka ma a ƙarshen 2004, da Jay-Z da Linkin Park suka yi nasu haɗin da amincewar kamfanoninsu, faifan ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin cinikin fayafayai na Billboard, ɗaya daga waƙoƙinsa ta ci lambar yabo ta Grammy. Watanni kaɗan ke tsakaninsa da faifan da EMI ya hana. Dabara ɗaya ce, bambancin kawai wa ke da lauya.

Sannan Gregg Gillis ya zo, injiniyan kayan asibiti daga Pittsburgh, mai amfani da sunan Girl Talk. Shi bai nemi izinin kowa ba. Ya dogara da sassaucin da dokar Amurka ta yi wa wanda ya ɗauki ɗan abu ya juya shi ya zama sabo, kuma kamfanin da ke fitar da aikinsa ma sunansa Illegal Art, wato haramtacciyar fasaha. Night Ripper ya fito a 2006, Feed the Animals a 2008 da tsakure sama da 300 da tsarin kowa ya biya abin da ya ga dama, All Day a 2010 kyauta, minti 71 da tsakure sama da 370. Ba ya neman waƙar da ba a sani ba. Wadda kowa ya haddace yake ɗaukowa, ya ba ta 'yan daƙiƙoƙi, kafin ka gama murnar gane ta ya wuce zuwa wata. A wasanninsa jama'a kan hau dandamali su kewaye shi da kwamfutarsa ana ta rawa.

Nan masu sharhi suka rabu. Pitchfork ya ba Night Ripper 8.4, mujallar Time ta sa Feed the Animals cikin fayafayai goma na gaba a 2008, ɗan majalisar wakilan Amurka na lokacin Mike Doyle har ya ambaci Gillis a zaman majalisa yana kare irin aikinsa. Wasu kuwa suka ce wannan wasan ka-cici-ka-cici ne kawai, daɗinsa na tuna baya ne, idan ka cire murnar gane waƙa babu abin da ya rage. Suka ce kiɗa ne na mutanen da hankalinsu ba ya iya tsayawa kan abu ɗaya.

Wannan suka ban yarda da ita duka ba. Gane waƙa ba aibi ba ne, shi ne kayan aikin. Wurin da aka fi ambata a Night Ripper shi ne inda muryar Notorious B.I.G., yana ba da labarin tashinsa cikin talauci, ta hau kan fiyanon Elton John. Wanda ya san waƙoƙin biyu zai ji wani tausayi a muryar da bai taɓa lura da shi ba, domin fiyanon ya fito da shi fili. Wannan ai tsara kiɗa ne, kuma sai da sanin tushen yake aiki. Mai ɗinkin da ya haɗa ƙyallaye ya fitar da riga, a kan zaman rigar a jiki ake auna shi, ba a kan yawan ƙyallen ba. Amma sharhi da yawa na wancan lokaci ƙidaya suka koma: tsakure nawa ne, daƙiƙa nawa kowanne, yaushe za a kai shi kotu. Masu yabon ma sun faɗa wannan rami, domin sau da yawa ƙarfin halin karya doka suke yaba wa, ba abin da kunne ke ji ba.

Sukar da na ɗauka da nauyi wata ce daban. Tsarin da ya fi yawa a waɗannan fayafayai shi ne muryar baƙar fata mai rap a kan kiɗan rok ko fof na farar fata, kuma masu rawar galibi ɗaliban jami'a ne farare. Wasu marubuta sun yi tambaya ko ana sauraron abin da mawaƙin ke faɗa, ko kuwa an mai da muryarsa abin ban dariya ne saboda an ajiye ta inda ba a zata ba. Akwai wuraren da zargin ya zauna daram, inda aka ɗauko baiti mai zafi aka ɗora shi a kan kiɗan yara don a yi shewa kawai. The Grey Album ya tsira daga wannan domin Danger Mouse ya bauta wa muryar: ya farfasa kiɗan Beatles ƙanana-ƙanana ya sake gina shi daidai da numfashin Jay-Z, bai bar shi yadda yake ya jefa murya a kai ba.

Akwai kuma mutanen da duk wannan muhawara ta tsallake. Gregory Coleman, mai gangar ƙungiyar Winstons, ya yi wani bugu na kimanin daƙiƙa bakwai a 1969 wanda aka tsakura a dubban waƙoƙi, har wasu nau'o'in kiɗan rawa na Birtaniya a kansa aka gina su. Ya rasu a 2006 cikin talauci, bai ci ko kwabo daga ciki ba. Clyde Stubblefield, mai gangar James Brown, shi ma bugunsa ya zaga duniya ba tare da an biya shi kason tsakure ba, har ya rasu a 2017. Dokar da aka tsaurara a 1991 da sunan kare mai fasaha ba ta kai gare su ba, domin kuɗin lasisi wurin mai naɗi da mai sunan da ke kan takarda yake zuwa. Wannan ya sa nake jin zafin yadda aka tsara maganar a matsayin faɗa tsakanin ɓarawo da mai kaya. Wanda hannunsa ya yi aikin, sau tari ba ya cikin ko wane ɓangare.

Gillis ba a taɓa kai shi kotu ba, amma bayan All Day bai sake fitar da faifai irinsa ba, ya koma yi wa mawaƙan rap kiɗa. Danger Mouse ya zama babban mai tsara kiɗa, ya ci Grammy na gwarzon furodusa a 2011. Avalanches sai da suka shekara 16 kafin faifansu na biyu ya fito a 2016, kuma neman izinin tsakure na cikin abubuwan da suka ja musu lokaci. Tun 2007 YouTube ya fara amfani da na'urar da ke gane sautin da ke da mai shi, sauran manhajoji suka bi sahu, don haka yanzu kafin lauya ya rubuta takarda, kwamfuta ta riga ta sauke haɗin ko ta karkatar da kuɗinsa. Gamin-gambizar ta koma gajerun bidiyo na TikTok, inda daƙiƙa ashirin ta wadatar kuma babu mai rubuta mata sharhi. Fayafayan farko na De La Soul sai ranar 3 ga Maris 2023 suka hau manhajojin sauraron waƙa bayan dogon ja-in-ja kan kwantiragi da izinin tsakure, ƙasa da wata guda da rasuwar ɗaya daga cikinsu, Trugoy. The Grey Album kuwa har yau ba a taɓa fitar da shi a hukumance ba.