Kwance da dako a birnin Damagaram

Kwance shi ne kayan da mutum ya gama amfani da su, galibi tufafi, ya ba wani kyauta. Dako kuwa ɗaukar kaya ne daga wani wuri zuwa wani a biya lada. A Damagaram, birnin da takardun gwamnatin Nijar ke kira Zinder, waɗannan sabgogi biyu suna da hannu a tsabtar gari: kwance yana rage abin da ke zuwa juji, irin dakon da aka zaɓa kuma shi ke nuna yawan hayaƙin da jama'a za su shaƙa a titi.

Damagaram tsohon zango ne na fatake tsakanin Kano da Agadas. Ta bunƙasa a zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19, ta kuma zama babban birnin Nijar a mulkin Faransa har 1926, lokacin da aka koma Yamai. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 235,000 a birnin, kuma tun daga nan gari sai faɗaɗa yake yi.

Yadda kwance ke zagayawa

Kwance yana da lokutansa. Idan an kawo wa budurwa lefe, tsofaffin zannuwanta na ƙannenta ne da ƴaƴan dangi. Gabanin Sallah magidanci kan buɗe akwati ya ware rigunan da ya daina sawa. In an yi rasuwa, bayan an raba gado, magada kan yi sadaka da tufafin mamaci. Almajirin gida da mai aikatau da dangin ƙauye da suka shigo cin kasuwa duk suna cikin masu karɓa.

Riga ɗaya kan yi rayuwa mai tsawo ta wannan hanya. Babban wa ya sa ta, tela ya rage ta ga ƙane, in ta koɗe ta koma kayan gona, daga baya ta zama tsumman goge tukunya ko gammon ɗaukar tulu. Zane kuwa yakan koma goyo, sannan shimfiɗar jariri.

Abin yana da ladabi, kuma ladabin ne ke riƙe da shi. Ana wanke kayan a ninke kafin a bayar. Ba a miƙa su a bainar jama'a, yaro ake aika da ƙunshi bayan magariba, ko uwar gida ta ja mai karɓa ɗaki ta ce, “Ga wannan, ki ba yara.” Wadda ta ga zanenta a jikin wata a wurin biki ba ta tankawa, wadda kuma ta yi gori ta zubar da mutuncinta. Malamai kan kafa hujja da aya ta 267 ta Suratul Baƙara, wadda ta hana mutum ya zaɓi mummunan abin da shi kansa ba zai karɓa ba ya yi sadaka da shi. Wannan ne ya raba kyauta da zubar da shara a gidan wani, kuma yana da kyau a riƙa tuna shi yanzu da kayan gwanjo marasa ƙarko suka cika kasuwa.

Abin da ba a bayar ba yakan bi ta hannun dillaliya, wadda ke shiga gida-gida da kwanuka da atamfofi da kayan ɗaki, tana rufa asirin mai sayarwa. Abin da ya lalace sarai kuma na masu sana'a ne. Ana narka gwangwanayen lemo da tarkacen alminiyam a zuba tukwane. Tsohuwar taya tana zama takalmi ko guga, durom yana zama murhu ko akwati ko ƙyaure, gwangwanin tumatir yana zama ma'auni. Jarkar man girki mai ruwan ɗorawa ita ce ta ɗibar ruwa a kusan kowace unguwa. Hatta toka da kashin dabbobi da sharar tsakar gida manoman kewaye kan kwashe su kai gona a matsayin taki.

Leda

Leda ce ta shigo ta ɓata wannan tsari. Ba ta da mai karɓa, ba ta ruɓewa, ba ta kuma da nauyin da zai ja hankalin mai sayen tarkace. Tana toshe magudanar ruwa da damina, ruwa ya kwanta sauro ya samu wurin zama. Akuya kan ci ta ta yi ta ramewa, sai mahauci ya farke tumbi ya tarar da ita a dunƙule. Manomin da ya kai taki gona yakan ɓata yini yana tsince ta. Nijar ta kafa doka a 2014 wadda ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da ledoji marasa kauri, amma har yau da su ake ƙulla mai da gishiri da ruwan sanyi. Kwando da faifai da ƙwarya da aka saba zuwa cefane da su suna nan a kasuwa.

Dako

Manyan motoci ne ke kawo kaya daga Kano, mai nisan kusan kilomita 240, da Maraɗi da Yamai. Daga tasha da Kasuwar Dole sai ƙananan masu dako su rarraba su cikin gari, kuma ranar Alhamis, ranar babbar kasuwa, aikin ya fi yawa. Akwai masu ɗauka a ka, da masu tura kura, da amalanken jaki ko na shanu, da masu keke. Sannan akwai kabu-kabu, wato baburan haya, da adaidaita, waɗanda suka yawaita a shekarun baya-bayan nan. Tun 2011 matatar mai ta SORAZ, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, take aiki a arewacin birnin, don haka mai a kusa yake.

Babur ya fi sauri, amma buhu ɗaya ko biyu yake ɗauka, ya dawo wayam. Amalanke guda kan kwashi kayan shaguna da yawa a sawu ɗaya ba tare da ɗigon mai ba. A lungunan unguwannin Birni da Zango, inda katangun ƙasa suka matse hanya, kura ta fi mota shiga. Da lokacin hunturu, idan hayaƙin tsofaffin injuna ya haɗu da hazo, masu asma da ƙananan yara ne ke fara jin jiki.

Mafi nauyin dako a Damagaram shi ne na ruwa. Birnin yana zaune ne a kan duwatsu, ruwan ƙasa yana da wuyar samu, shi ya sa ake jawo shi daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. In famfo ya ɗauke da bazara, ƴan garuwa ne ke shayar da unguwanni, suna tura kura cike da jarkoki cikin yashi da zafin rana.

Rashin hayaƙin wannan aiki da ƙarfin mutum da na dabba ake biyansa. Mai tura kura yana fama da ciwon baya da ƙirji, jaki kuma da gyambon sirdi da lodin da ya wuce kima. Duk gyaran da za a yi wa dakon birni ya kamata ya fara daga nan: tayoyi masu kyau, inuwa da ruwan sha a bakin kasuwa, hanya mai ƙarfi, da lada wanda ya dace da wahalar.

Babura da adaidaita masu aiki da batir suna iya rage hayaƙi, kuma rana ba ta yi wa Damagaram ƙaranci ba. Cikas ɗin biyu ne, tsadar saye da wutar caji. Yankin yana samun lantarki daga Najeriya, kuma da aka yanke shi a watan Agustan 2023 sai a watan Maris na 2024 aka maido.