Waiwaye: yadda banki ya zo ƙauye, ya tafi, ya dawo ƙarƙashin lema

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, sai a yi cinikin bijimi na kuɗi masu tsoka ba tare da kowa ya taka ƙofar banki ba. Wani saurayi ne zaune ƙarƙashin lema, na'urar POS a cinyarsa, jakar kuɗi rataye a wuya. Mai saye ya tura, shi kuma ya lashi yatsa ya ƙirga wa mai dabba, ya cire ladansa. "Alhaji, ka ɗan yi haƙuri, sabis ne ya ɗauke," ita ce maganar da aka fi ji a bakinsa.

Kafin a zo nan an yi doguwar tafiya. Bankunan zamanin Turawa birni suka sani, da manyan 'yan kasuwar gyaɗa. Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a 1959, amma sai a 1977 aka fito da shirin da ya tilasta wa bankuna buɗe rassa a karkara. Doka ce ta kawo su, ba son ransu ba. Na tashi na ga ɗan littafin ajiya na mahaifina nannaɗe cikin leda a ƙasan adaka, kowane shafi da tambari da sa hannun akawu. A reshen da ke hedikwatar ƙaramar hukumarmu ya buɗe shi, kuma ginin yanzu shagon taki ne.

A 1986 gwamnatin Babangida ta sassauta dokoki, lasisin banki ya yi arha. Cikin 'yan shekaru bankuna suka haura ɗari. An ce gasa za ta sauƙaƙa wa kowa, sai dai gasar a Legas aka yi ta, kan cinikin dala. Manomin shinkafa a fadamar Haɗeja ko labarinta bai ji ba. Da abin ya ruɓe, aka rufe bankuna 26 a tashi ɗaya a 1998. Bankunan al'umma da aka soma kafawa a 1990, waɗanda su ne kusa da mu, da yawansu ƙarancin jari da bashin 'yan uwa da abokan arziki ya durƙusar da su.

Sai Charles Soludo, gwamnan Babban Banki, ya zo da doka a 2004: duk bankin da bai tara jarin naira biliyan 25 ba ya nemi wanda zai haɗe da shi. Bankuna 89 suka koma 25. Bankin Arewa, mai doguwar benen nan a Kano, ya narke cikin Unity Bank. Ba na musun cewa bankuna sun yi ƙarfi. Amma daga nan manajan da ya san gonar mutum da ubansa ya rasa ta cewa, bashi ya koma sai abin da hedikwata ta yarda, ita kuwa takardar mallakar fili take nema, alhali gonakinmu na gado ne, shaidarsu dagaci da maƙwabta. Ƙarfin ma bai hana ɓarna ba, domin a 2009 Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya kori shugabannin bankuna da dama, aka zuba naira biliyan 620 don ceto su.

Abin da ya fi taɓa ƙauye wata ƙa'ida ce da ba a yi mata ganga ba: a 2013 Babban Banki ya ba da damar naɗa wakilai su yi hada-hada a madadin banki. Da kamfanoni irin su Moniepoint da OPay suka shigo, gasa ta gaskiya ta iso har rumfar mai shayi. Cire kuɗi da turawa sun yi sauƙi. Rance kuwa har yanzu yana wuya, saboda banki ya fi samun kwanciyar hankali ya ranta wa gwamnati da ya ranta wa mai kadada biyu da ke jiran damina. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardun naira suka yi wuya, mun ga raunin tsarin da idonmu: mutum ya karyar da buhun geronsa don kawai a ba shi kuɗi a hannu.

A Maris na 2024 an sake ɗaga jarin da dole banki ya tara, naira biliyan 500 ga bankin da ke hulɗa da ƙasashen waje, biliyan 200 ga na ƙasa. Abin da nake so a tambayi kowane banki, bayan jari da riba, shi ne nawa ya ranta a Gumel, Ringim da Rano a daminar bara.